Me Yarinyar Nok Ta Ci da Safe?

Fiye da shekara goma yaran firamare da na ƙaramar sakandare a Nijeriya suka yi ba su da darasin tarihi mai zaman kansa. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire shi daga manhaja, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi tare da shirin horar da malamai 3,700. Dawowar abin farin ciki ce, sai dai ta bar babbar tambaya a tsaye, wato yadda za a koyar da shi. Tsohuwar hanyar kowa ya san ta. Malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ranar jarrabawa su amayar da abin da suka haddace, bayan mako biyu ya bi iska. Wannan hanya takan ɗan yi tasiri in ana maganar 1914 ko 1960, domin yaro yana da kakan da zai ƙara masa bayani, kuma yana ganin hoton Sardauna a jikin naira 200. Amma da zarar an koma shekara dubu biyu ko dubu takwas baya, lambar ba ta da inda za ta maƙale a kansa. A wurin ɗan shekara goma, shekara 500 da shekara 5,000 duk zamanin da ne. Ra'ayina shi ne, hanyar da ta fi kusantar da wannan nisa ita ce a sa yaro ya rubuta labari, ko wasiƙa, ko hira, ta bakin mutumin wancan zamani. Da sharaɗi guda kuwa, wanda in babu shi aikin ya lalace: kowace jimla ya iya faɗin inda ya samo ta, ko ya amsa da bakinsa cewa kintace ya yi.

Mu ɗauki mutanen Nok, tunda suna cikin abin da ɗan makarantar Nijeriya zai fara cin karo da shi. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 wani kan ya sake fitowa a wajen Jama'a, har wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya gane cewa kawunan nan aikin al'umma guda ne, wanda kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka shafe shekaru suna tono a kufan yankin. Sun nuna cewa al'ummar ta fara tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ta kuma ɗore kusan shekara 1,500. Sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atile, sun sami duwatsun niƙa da wuraren narkar da tama. A 2021 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa tsingaron tukwanensu, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo suna ɗauke da alamar kakin zuma. Abin da ba a samu ba shi ma yana da yawa. Ba su bar rubutu ba. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, don haka ba a san dabbobin da suka kiwata ba. Ko sunan da suke kiran kansu ya ɓace, Nok ɗin sunan ƙauyen da aka fara tsintuwa ne kawai.

To, a ce malam ya rubuta waɗannan abubuwa a allo, ya nuna hoton kan yumɓun da idanunsa masu kusurwa uku da kitsonsa na ƙasaita, sannan ya ce kowa ya rubuta layi goma ta bakin yarinyar da ta tashi da safe a wannan ƙauye. Nan take yaro zai gamu da tambayoyin da kwafar allo ba ta taɓa jefa masa ba. Me ta ci? Mafi yawa za su rubuta abin da suka ci da kansu, tuwon masara da miya mai barkono, ko shayi da burodi, ko ƙuli-ƙuli. Daga nan darasin ya fara. Masara da barkono da gyaɗa da rogo da tumatir duk tsirran nahiyar Amurka ne, ba su tsallako teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, wato kusan shekara 1,500 bayan ɓacewar mutanen Nok. Yaron da aka soke masa tuwon masara, ya koma ya sa kunun gero da zuma, ya koyi abu uku a zama ɗaya ba tare da an ce ya haddace ba: abin da mutanen Nok suka noma, yadda aka gane haka daga ƙonanniyar ƙwaya da jikin tukunya, da kuma cewa abincin da yake ganin tun fil azal yana nan shi ma baƙo ne da ya zo a wani lokaci. Na ukun nan ya fi sauran daraja a wurina, domin shi ne ainihin abin da ake nufi da sanin tarihi, gane cewa duniya ba haka take ba a da. Ana iya faɗa wa yaro wannan sau goma ya gyaɗa kai. Ba ya shiga jikinsa sai ya sa hannu ya yi kuskuren da kansa, an kama shi.

Akwai dalili daga binciken ƙwaƙwalwa da ke goyon bayan wannan. A 1978 wasu masana biyu a Jami'ar Toronto, Norman Slamecka da Peter Graf, suka gwada mutane da jerin kalmomi. Wasu aka ba su kalmar cikakkiya su karanta, wasu aka ba su harafin farko da wata alama su samo ta da kansu. Waɗanda suka samo da kansu sun fi tunawa, kuma an maimaita irin gwajin sau da yawa daga baya ana samun haka. Gaskiya ne manya aka gwada, da kalmomi ɗai-ɗai, don haka bai kamata a ɗora wa gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya dace da abin da malamai suka gano tun kafin a san ɗakin gwaji. Malaman Girkawa na dā suna da wani atisaye da suke ba ɗalibai, a ce su rubuta abin da wane zai faɗa a hali kaza. Theon na Iskandariyya, wanda ake kyautata zaton ya rayu a ƙarni na farko, ya kawo misalin miji da zai yi tafiya yana sallama da matarsa, da kwamanda yana yi wa mayaƙa jawabi kafin a gwabza. Ya kuma gindaya cewa maganar ta dace da shekarun mai yin ta, da matsayinsa, da wurin, da lokacin. Ashe tun a wancan zamani an san cewa ƙirƙirar ba ta da amfani sai an ɗaure ta da ƙa'ida. Mu ma ba baƙinta ba ne. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ƙagaggen labari ne, amma Hausawa da yawa a cikinsa suka fara jin ɗacin cinikin bayi ta hamada fiye da yadda littafin makaranta ya taɓa jiyar da su.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan hanya ita ce tana koya wa yara ƙarya. Tarihi ilimin hujja ne, in ji masu sukar, in ka ce wa yaro ya ƙaga, ka buɗe masa ƙofar haɗa gaskiya da tatsuniya, kuma bayan shekaru abin da ya ƙaga shi zai tuna, ya ɗauka haka aka yi. Ba magana ce ta banza ba. A Ingila, bayan wani shirin gyaran koyar da tarihi da aka fara a 1972, sanya kai a matsayin mutanen dā ya zama ruwan dare a makarantu, har ya shiga jarrabawa a shekarun 1980. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, domin abin da yara da yawa suke kawowa shi ne tunanin ɗan yau sanye da rigar mutumin jiya: baƙauyen ƙarni na 14 yana kukan rashin wutar lantarki, ko yana magana kamar ya karanta jaridar safe. Kuskuren da aka yi, a ganina, shi ne an tambayi yara yadda za su ji, alhali ba a ba su abin da za su tsaya a kai ba. Maganinsa mai sauƙi ne, kuma ba ya cin kuɗi. Bayan yaro ya gama rubutu, a sa shi ya koma ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke da shaida, ya kewaye duk abin da ya kintata, ko ya yi amfani da biro shuɗi da ja. Kunun gero yana da shaida. Sunan yarinyar kintace ne. Cewa babanta yana narkar da tama yana iya yiwuwa in a ƙarshen zamanin ta rayu, ba zai yiwu ba in a farkonsa ne, domin ƙarfe ya zo musu daga baya. Yaron da ya yi wannan rabe-rabe yana yin aikin da masanin tarihi yake yi, kuma ya fi wanda ya kwafi allo kariya daga ruɗu, tunda shi mai kwafar bai taɓa sanin cewa a cikin abin da ya kwafa ma akwai tabbas akwai zato ba.

Kwalekwalen Dufuna ya fi kowane misali nuna amfanin giɓin abin da ba a sani ba. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Da aka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwajin kabon ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Abin da aka samu ke nan, itace guda da aka fafe. Wa ya sassaƙa shi, ina za shi, me ya sa aka bar shi a nan, babu wanda ya faɗa mana. In malam ya ce a rubuta ranar da aka fara sa shi a ruwa, yaro zai tsaya tun a jimlar farko, don ya san Yobe da rairayi da ƙarancin ruwa. Dole a gaya masa cewa a wancan lokaci Sahara tana da ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya ninka na yau sau da yawa. Zai ba masassaƙin gizago, a tuna masa cewa babu ƙarfe tukuna, sai gatarin dutse. Daga nan ya fara lissafin kwanakin da za a yi ana fafe gungume da dutse, da yawan mutanen da za su ja shi zuwa bakin ruwa, da wanda yake ciyar da su suna wannan aiki. Ko'ina ya juya tambayar hankali ce, kuma duk daga itace ɗaya.

Inda mutanen dā suka bar rubutu, aikin yakan sauya kama. A Misira, a ƙauyen da yau ake kira Deir el-Medina, ma'aikatan da ke sassaƙa kaburburan sarakuna sun bar dubban rubuce-rubuce a jikin ɓallin dutse da tsingaro. Ɗaya daga ciki, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, rajistar fashin aiki ce ta shekara ta 40 ta mulkin Ramses na Biyu, da dalilin kowa: wannan ciwon ido, wancan kunama ta harbe shi, wani yana hidimar gawar ɗan'uwansa. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku kuwa, da hatsin da ake biyan su da shi ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a bakin gidajen bauta, abin da ake ɗauka shi ne yajin aiki na farko da aka rubuta labarinsa. Yaron da aka ce ya rubuta takardar koke ta bakin ɗayansu ba zai iya neman a biya shi kuɗi ba, domin alkama da sha'ir ne albashin. Ɗan ma'aikacin gwamnati da ya taɓa ganin wata ya yi nisa albashi bai shigo ba ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane halin da mutanen suke ciki.

Wata damuwar ta iyaye ce, kuma ta cancanci a saurare ta da mutunci. Mutanen dā da yawa masu bautar gumaka ne. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya fara ne da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, kafin Bagauda, kafin Gijimasu ya fara ganuwa, kafin Wangarawa su zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Uba Musulmi ko Kirista yana da haƙƙin ya ƙi a sa ɗansa ya tsara addu'a ga tsafi, kuma malamin kirki ba zai nemi haka ba. Ba a kuma sa yaro ya ƙaga magana ya jingina ta ga wani Annabi, wannan iyaka ce da ba a ƙetarewa. Amma tsakanin waɗannan iyakoki fili yana da faɗi. Ana iya rubutawa ta bakin maƙerin da ke neman tama a Dala, ko matar da ke kai wa masu ginin ganuwa abinci, ko baƙon ɗan kasuwa da ya iso yana ba da labarin abin da idonsa ya gani. Sanin yadda mutane suka rayu kafin addini ya iso musu ba ya rage wa yaro imani, littattafan addinin kansu cike suke da labaran al'ummun farko don a yi tunani. Tarihin Kano ma yana da wata fa'ida ga manyan yara. Masana da dama suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi a rubuce, ɗaruruwan shekaru bayan Barbushe. In aka ce ɗalibi ya rubuta hira tsakanin malamin da ke rubuta littafin da tsohon da ke ba shi labari, tilas ya tambayi kansa daga wa tsohon ya ji, me aka manta a hanya, me aka ƙara don a faranta wa fada. Wannan tambaya za ta yi masa amfani har ranar da ya fara karɓar saƙonnin WhatsApp.

Saura maganar da malamin makarantar gwamnati zai yi, kuma ita ce ta fi kusa da ƙasa: aji cike maƙil, rabin yaran ba su iya haɗa jimla ba, minti 35 ko 40 ne darasin, wa zai duba wannan tulin takardu? Ban ga dalilin da zai sa a ce kowane yaro sai ya cika shafi ba. Layi biyar ya isa. Ana iya raba aji gida-gida, su tattauna da baki, wanda hannunsa ya faɗa ya rubuta, a karanta uku ko huɗu a gaban kowa, sauran su yi farautar abin da bai dace da zamanin ba. Yara suna son kama kuskuren junansu, kuma wanda ya ɗaga hannu ya ce ai babu masara a lokacin ya riga ya ci darasin ko da bai rubuta komai ba. Abin da za a duba tarihin ne, a bar wa malamin harshe gyaran ƙa'idar rubutu. A kuma bar yaro ya yi da harshen da yake tunani da shi. In aka tilasta wa Bahaushe ɗan aji huɗu ya yi da Turanci, ƙarfinsa duk zai ƙare a neman kalma, ya kawo jimloli uku da ya haddace, yarinyar Nok ba za ta ce komai ba.

Ba na cewa wannan hanya ta wadatar ita kaɗai. Yaro ba zai ƙago jerin zamani daga kansa ba, sai an koya masa cewa Dufuna ya girmi dalar Giza ta Misira da shekaru dubbai, cewa Nok ta shuɗe tun kafin a san Kano, kuma wannan aikin bayani ne da maimaitawa, har da ɗan haddar da ake raina wa. Rubutun yana zuwa ne bayan an zuba kayan, kamar yadda ba a ɗora tukunya sai an haɗa cefane. Haɗarin da na fi tsoro ma yana wajen malami. In shi kansa bai san masara baƙuwa ba ce, zai sa wa tuwon masarar hannu ya ba da maki goma, kuskuren ya zauna daram da tambarin makaranta. Saboda haka abin da ya kamata masu horar da malaman tarihi su tanada bai wuce takarda guda a kan kowane darasi ba, mai ɗauke da abin da aka tono, da abin da ba a sani ba, da abubuwan da yara za su iya cusawa alhali ba su wanzu ba tukuna. Ma'aikatan gidan tarihi na Jos da na Kaduna da Gidan Makama a Kano, da malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna da ilimin da za a rubuta irin waɗannan takardu da Hausa, a buga su da araha, a raba wa makarantu kafin a shiga sabon zango.